Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnonin Bauchi da Gombe da shugabannin jami'o'inmu kan masu binciken ƙwaƙwalwa

Masu girma Gwamnoni, da shugabannin jami'o'in da ke jihohin nan biyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malami ne mai koya wa ɗaliban likitanci yadda ɗan tayi ke ginuwa a mahaifa, kuma daga Bauchi nake rubuto muku. Da gangan na haɗa ku a wasiƙa ɗaya, domin abin da zan roƙa ya fi ƙarfin jami'a guda, amma bai fi ƙarfin jihohi biyu maƙwabta ba, waɗanda kafin 1996 ma jiha ɗaya ce. Roƙona shi ne ku mai da binciken ƙwayoyin tushe na ƙwaƙwalwa, wato ƙwayoyin halittar da sauran ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitowa daga gare su, da ilimin ginuwar ɗan tayi aikin da ɗanmu ko 'yarmu za su iya kamawa a nan gida har su tsufa a cikinsa.

Na san abin da za a fara ce mini. Yankin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ɗibar yara, ina shi ina wannan ilimi na masu ƙoshi? To ranku ya daɗe, ku shiga ɗakin jarirai na kowane babban asibiti ku tambayi ungozoma.

A sati na uku zuwa na huɗu da shigar ciki, lokacin da ɗan tayi bai wuce milimita 5 ba, akwai wata shimfiɗar ƙwayoyin halitta a bayansa da gefunanta ke tasowa, su naɗe, su haɗe su zama bututu. Saman bututun nan shi zai zama ƙwaƙwalwa, ƙasansa kuma lakar baya. Wajen kwana na 28 rufewar take kammala, mace ma ba ta gama tabbatar da cewa ta yi ɓatan wata ba. In saman ne bai rufe ba, a haifi jariri babu ƙoƙon kai, kuma ba ya rayuwa. In ƙasan ne, a haife shi da ƙulli a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi, fitsari da bayan gida ba riƙo, sau da yawa kuma ruwa ya taru a kai har kan ya rinjayi jiki. A gida sai a ce ɗan ruwa ne, ko a ɗora wa uwar laifin fita da almuru.

Tun 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Ingila ya nuna cewa sinadarin folik asid na rage maimaituwar wannan matsala da kusan kashi 70 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar irin waɗannan yara. Abin da ake ba kowace mace shawarar sha shi ne maikurogiram 400 kullum, tun kafin ciki ya shiga. Amurka ta wajabta zuba shi a kayan fulawa daga 1998. Mu kuwa a wajen awo ake ba mace ƙwayar, matanmu da yawa kuma sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke fara zuwa, bayan aikin gama ya gama. Fulawar kamfani kuma ba ita ce cimar matar Darazo ko ta Dukku ba, geronta da dawarta a injin unguwa take niƙa su. Wanda ya san ranar da bututun nan ke rufewa shi ne zai gaya muku cewa maganin daidai ne, lokacin bayarwar ne ya kauce. Masanin ginuwar ɗan tayi ke nan.

Ƙwayoyin da ke jere a bangon bututun su ne ƙwayoyin tushe na ƙwaƙwalwa. Kowace ɗaya tana rabuwa biyu, ta sake haifar irinta, ta kuma haifar da wadda za ta zama ƙwayar jijiya ko mai yi wa jijiya hidima. Daga gare su ake samun ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke kan baligi. Duk abin da ya taɓa su da wuri ya taɓa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Da aka fara haifar jarirai masu ƙananan kawuna a Birazil a 2015, cikin 'yan watanni masana suka nuna cewa ƙwayar cutar Zika waɗannan ƙwayoyin tushe take kamawa ta kashe. Saurin ya samu ne domin akwai ɗakunan gwaji da suka shekara suna rainon irin waɗannan ƙwayoyi ba tare da kowa ya san annoba na tafe ba. Sauron da ke yaɗa Zika kuwa yana nan ƙasarmu, shi ne dai mai yaɗa shawara.

Yanzu bari in zo kan shi kansa aikin, domin a nan ne tsarinmu da wannan ilimi suka yi hannun riga.

Santiago Ramón y Cajal, ɗan Sifaniyan da ya sami kyautar Nobel a 1906, ya tafi a kan cewa ƙwaƙwalwar baligi ba ta haifar sabuwar ƙwayar jijiya, wadda ta mutu ta mutu. Kowa ya bi shi a haka. A farkon shekarun 1960 Joseph Altman ya ga alamar sababbin ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, ya wallafa, aka yi kunnen uwar shegu da shi shekara da shekaru. Sai a shekarun 1980 Fernando Nottebohm ya nuna haka a ƙwaƙwalwar kanari, a sashen da ke kula da kukansa. A 1992 Brent Reynolds da Samuel Weiss a Kanada suka ciro ƙwayoyin tushe daga ƙwaƙwalwar babban ɓera suka raine su a faranti. A 1998 Peter Eriksson da Fred Gage suka ba da rahoton ganin sababbin ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar mutane manya, a sashen da ke riƙe da tunawa. Kuna tsammanin magana ta ƙare? A 2018 manyan ɗakunan gwaji biyu a Amurka suka fitar da sakamako masu karo da juna, ɗaya ya ce abin yana ƙafewa tun ƙuruciya, ɗaya ya ce yana ci gaba har tsufa. Tambaya ɗaya ke nan ta ci fiye da shekara hamsin, ta cinye ƙuruciyar mutane da dama, kuma jami'o'insu ba su kore su ba don sun jima a kanta.

Mu kuwa malami ƙirga masa takardu ake yi in lokacin ƙarin girma ya zo. Wanda ya shekara huɗu yana bin tambaya ɗaya ya fitar da takarda guda mai nauyi, abokinsa da ya fitar da goma sha biyu marasa nauyi ya wuce shi ya zama shugabansa. Kowa kuma ya gane hanya. A sayo ɓeraye, a tafasa ganye ko saiwa, a ɗura musu sati biyu ko uku, a yanka, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a rubuta cewa ganyen yana da alamar amfani. Baɗi a canja ganye. Ba raina magungunan iyayenmu nake yi ba, akwai abin bincike a cikinsu sosai, amma irin wannan aiki ba ya isa ga yadda abu ke faruwa a cikin ƙwayar halitta, kuma mu da muke yin sa mun san ba don neman amsa muke yi ba.

Ku dubi hanyar da mai wannan sana'a ke bi. Digirin farko a ilimin sassan jiki ko makamancinsa, hidimar ƙasa, digiri na biyu, sannan na uku wanda galibi a waje ake yin sa shekara uku zuwa biyar, a da sau da yawa da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko na jiha. Bayan nan akwai wasu shekarun na aiki a ƙarƙashin wani babban masani kafin a yarda hannunsa ya faɗa. Kafin ya dawo ya doshi arba'in. Akwai wata ƙanwata a aiki da ta bi wannan hanya kaf, ta dawo da hannun da ya iya mai da ƙwayar fata ta zama ƙwayar jijiya. Aka yi mata barka da zuwa, aka ba ta aji mai ɗalibai ɗaruruwa, aka ƙara mata da jami'ar jarrabawa. Ɗakin gwajin da aka nuna mata akwai tebura masu kyau da famfon da ba ruwa. Ta rubuta takardar neman kayan aiki, takardar ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis. Bayan 'yan shekaru ta tattara ta koma inda ta fito, aka bi ta da cewa ba ta da kishin gida. Ni ban ga laifinta ba. Ilimin nan a hannu yake zama, in aka daina taɓa shi shekara biyu uku sai ya gudu.

Ƙwayar halitta a faranti ba ta san uzuri ba. Tana son ɗumi digiri 37 dare da rana, da iskar kabon kashi 5 cikin 100 a akwatin rainonta. Wasu irin kullum sai an canja musu ruwan abinci, ko Juma'a ko ranar Sallah. Ajiyarsu sai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ko tulun ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifili, wanda shi ma ƙafewa yake yi sai ana ƙara shi. In wuta ta ɗauke daren Asabar, mai janareta ya tafi gida da makulli, aikin wata shida ya tafi. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Darasi ana iya ramawa bayan yaji, ƙwayar da ta mutu kuwa sai dai a sake daga farko. Sinadaran da ake aiki da su daga waje suke zuwa cikin ƙanƙara, in suka kwana uku a filin jirgi ana jiran sa hannu sun zama ruwan banza.

Wannan ya kawo ni kan yadda muke kashe kuɗi. Mun iya gini, mun iya sayen babbar na'ura a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Amma sayen doki ba shi ne wuya ba, harawar kullum ita ce aikin. Na ga maikuroskof na miliyoyi a lulluɓe da leda domin ɗan kwangilar da ya kawo shi bai kawo mai haɗa shi ba, ba a kuma ware ko sisi don kayan da zai ci ba. Kuɗin gini a kasafi ɗaya ake gama shi. Kuɗin sinadari da gyara da albashin ma'aikacin lab ƙwararre kuwa kowace shekara ne, kuma su ne ba mai son sa wa hannu domin ba a rubuta sunan kowa a jikinsu.

Kada wannan ya sa ku ɗauka sai da biliyoyi za a fara. Mafi yawan abin da duniya ta sani game da ginuwar jijiya daga halittu masu araha aka koyo shi. Ƙwan kaza mai zakara, irin wanda ake samu a kowane ƙauye, in aka sa shi a injin ƙyanƙyasa kwana biyu, sai a zuƙe ɗan farin da sirinji, a manna salatif a ɓawon, a yanke 'yar taga da almakashi. A ɗiga tawada kaɗan ƙarƙashin ɗan tayin don ya fito fili, a kai shi ƙarƙashin madubi. Ga bututun jijiyar nan a miƙe, samansa ya fara kumbura zai zama ƙwaƙwalwa, ga 'yan dunƙule jere bibbiyu a gefensa waɗanda za su zama ƙashin baya da tsoka, ga kuma zuciya, ita ma bututu ce tukuna, tana bugawa. Ɗalibin da ya haddace wannan a littafi ya ci jarrabawa, ranar da ya gan shi da idonsa sai ka ji ya ce subhanallahi, ya ƙi ba na bayansa wuri. A mai da salatif a rufe tagar, gobe a buɗe a ga inda aka kwana.

Da irin wannan ƙwai Rita Levi-Montalcini ta yi aiki a ɗakin kwananta a Italiya lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan dokokin wariya sun raba ta da jami'a, kuma zaren da ta kama a nan ne ya kai ta ga Nobel a 1986. Jadawalin matakai 46 na girman ɗan tayin kaza da Viktor Hamburger da Howard Hamilton suka tsara a 1951 har yau da shi ake aiki. Nicole Le Douarin a Faransa ta riƙa dasa yankin ɗan tayin salwa a na kaza, ta bi sawun ƙwayoyin ta ga inda kowace ke ƙarewa a jiki. Kwaɗon da aka karanta kundin halittarsa a 2010, wanda manyan ɗakunan gwaji na duniya ke kiwo, asalin zuriyarsa daga Najeriya aka ɗauke ta, har yau da sunan ƙasarmu ake kiran irin. Ƙudan 'ya'yan itace kuwa, wanda aka koyi rabuwar ƙwayoyin tushe na jijiya a jikinsa, da ayaba da garin masara ake kiwonsa.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Damaturu, Jami'ar Jihar Yobe ta buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a 2021 ƙarƙashin jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan jihar da ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila. Gwamnatin jiha ta sa hannu, abokan aiki na waje suka taimaka da na'urori, yanzu matasa daga jihohi da ƙasashe suna zuwa koyon aiki a can. In Yobe da ta sha fama da rikici ta iya, Bauchi da Gombe ba su da hanzari. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da asibitin koyarwarta, da Jami'ar Sa'adu Zungur, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya a Kashere, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe. Abin da nake tsoro shi ne kowace ta ce sai ta gina nata, a wayi gari da ɗakuna shida ba mai numfashi ko ɗaya. A yi guda ɗaya, a jikin asibitin koyarwa, ko a Bauchi ko a Gombe ni duk ɗaya ne a wurina, da sola da batir da ba sa jiran kowa, da ma'aikatan lab na dindindin, ƙofarsa a buɗe ga malamin kowace jami'a.

Akwai maganar addini, kuma gara a yi ta tun da wuri. Mutanenmu in suka ji ƙwayoyin tushe sai hankalinsu ya tafi kan lalata ɗan tayin mutum, kuma damuwar tana da tushe, domin daga nan aka fara samo na mutum a 1998. Amma a 2006 Shinya Yamanaka na Jafan ya nuna cewa da ƙwayoyin gado huɗu kacal ana iya mai da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar tushe, a 2007 ya yi haka da ta mutum, ya kuma raba Nobel ta 2012 da John Gurdon. Yau ɗan jinin da aka ɗiba a hannun baligi da yardarsa ya isa. Daga irin waɗannan ƙwayoyi ne Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich a Ostiriya suka raini ɗan dunƙulen nama mai tsarin ƙwaƙwalwar ɗan tayi a 2013. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka ta tattauna batun tun 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe in ta halastacciyar hanya aka samo su. Duk da haka ina ba da shawarar a sa malaman Musulunci da na Kirista a kwamitin ɗa'ar cibiyar tun ranar farko, su ga abin da ake yi da idonsu. Mun ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a Arewa a 2003. Al'ummar da ke karanta matakan nuɗfa da alaƙa da mudga a Suratul Mu'minun kuwa ba baƙuwar wannan ilimi ba ce.

Wani zai ce to mu jira Turawa su gama mu ɗauka. Matsalar ita ce mafi yawan ƙwayoyin da ke ajiye a ɗakunan gwajin duniya daga jikin Turawa aka samo su, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar makyarkyata ta Parkinson ga 'yan asalin Afirka, sauyin da binciken da aka yi a kan Turawa bai nuna shi ba. Wa zai zo ya duba na Bafulatanin Gombe, ko Bajarin Dass, ko Batangalen Billiri, in ba 'ya'yansu ba?

Ba zan yi muku alkawarin magani ba. Dashen ƙwayoyin jijiyar da aka samo daga ƙwayoyin tushe, wanda aka fara yi wa masu makyarkyata a Kyoto ta Jafan a 2018, gwaji ne da aka yi a kan mutane ƙalilan. Maganin ƙwayoyin tushe da ya daɗe da tabbata shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a Benin a 2011. Amma ku zaga gari ku ga yadda ake tallar garin sha a 'yan fakiti da sunan "sitem sel", wato ƙwayoyin tushe da Turanci, wai yana warkar da shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya da ciwon suga a lokaci ɗaya. Ƙwayar halitta mai rai ba ta zama a fakiti a kan kanta, in ma ta zauna ciki zai narkar da ita. Iyalan marasa lafiya na sayar da akuya da gona suna saye, kuma babu masanin gida da zai hau rediyo ya warware musu da Hausa.

Ga shugabannin jami'o'i, naku bai buƙatar jiran kasafi. Wanda ya dawo da wannan horo a rage masa aji, a ɗauke masa aikin ofis na shekara biyar ɗin farko, a ba shi ɗan kuɗin fara aiki da zai kashe da kansa ya kawo rasit. Majalisun jami'a su gyara ƙa'idar ƙarin girma yadda masana na waje za su karanta takardu uku mafi kyau na malami su auna nauyinsu. A kuma yi yarjejeniya da ƙungiyoyin ma'aikata cewa ko ana yaji, mai ciyar da ƙwayoyi da mai kula da wuta za su shiga.

Ga masu girma Gwamnoni kuma, bayan cibiyar akwai abu biyu da kwamishinonin lafiyarku za su iya farawa a bana. A buɗe rajista a kowane babban asibiti, duk jaririn da aka haifa da buɗaɗɗen baya ko ruwa a kai ko ƙaramin kai a rubuta shi, da garinsu, da watan da uwar ta fara awo, domin daga wannan littafi masu binciken za su samo tambayoyinsu. Sannan tunda gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare a garuruwanmu, duk amaryar da ta zo gwaji a haɗa mata da folik asid na wata uku, a yi mata bayanin dalili, a gaya mata inda za ta karɓi wani in ya ƙare.

Ina roƙon shugaban jami'a ɗaya daga cikinku ya ɗauki nauyin kiran sauran zama kafin a rufe kasafin baɗi, a gayyato mutanen Damaturu su faɗi abin da ya ci musu kuɗi da abin da ya ba su wahala. Mu malaman sashen a shirye muke mu kawo lissafin kayan da ake buƙata, da injin ƙyanƙyasa da kiret ɗin ƙwai, duk mai shakka ya leƙa da kansa.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Malamin ilimin ginuwar ɗan tayi,
Bauchi.